Babi na Biyar: Murhun da Ya Daina Tattalin Itace

Akwai tambayar da ake yawan ji a gidajen Bambeye da ƙauyukan da ke kewaye da birnin Tawa, wani lokaci daga bakin uwargida, wani lokaci daga bakin maigidan da ke biyan kuɗin itace: me ya sa murhun nan da aka ce yana tattalin itace ya yi aiki da kyau a watannin farko, daga baya kuma ya koma ci kamar murhun duwatsu uku, har da hayaƙin da ke sa ido hawaye? Wasu kan ce dama zaƙin baki ne irin na masu kawo kayan taimako. Wasu su ce maƙeri ne ya rage ƙarfe. Wasu ba sa cewa komai, sai dai ka tarar an jingine murhun a bayan ɗaki, an maido da duwatsu uku tsakar gida.

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin a Adar, ƙasar da Tawa take cikinta, itace ba abin wasa ba ne. Ruwan da ke sauka a yankin Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma duk wanda ya san farin 1973 da na 1984 ya san yadda daji ya ja da baya. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda mata suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, tunda maza da dama sun tafi ci-rani. A wannan zamanin ne aka yaɗa murhun ƙarfe Mai Sauƙi da murhun laka Albarka a Nijar. Har yau fiye da gida tara cikin goma a ƙasar da itace, kara, gawayi ko kashin shanu suke girki. Saboda haka duk murhun da ya daina tattali, asarar tana fitowa ne daga aljihun maigida, daga wuyan yarinyar da ke ɗauko dami, da kuma jikin sabara da gezar da suka rage a fako. Amsar da wannan babi zai kare ita ce: mafi yawan irin wannan murhu lafiyarsa ƙalau, awon da aka ƙera shi a kai ne ya ɓaci, kuma shara da gyara na yau da kullum su ne ke riƙe wannan awo.

Inda tattalin yake

Kafin a fahimci yadda murhu ke lalacewa, sai an fahimci yadda yake aiki. Itace ba ya ci kai tsaye yadda ido ke gani. Idan ya ji zafi, sai ya fara fitar da ruwan da ke jikinsa, sannan ya fitar da wani tururi mai kamawa da wuta. Wannan tururi shi ne harshen wutar da muke gani yayin da ya haɗu da isasshiyar iska a wuri mai zafi. In iskar ta gaza, ko wurin ya yi sanyi, tururin ya tashi bai ƙone ba, shi ne hayaƙi. Ashe hayaƙi itace ne da aka saya ko aka saro amma bai dafa komai ba. Gidan da hayaƙi ya turnuke madafarsa yana asara iri biyu a lokaci guda, ta makamashi da ta lafiya.

Murhun duwatsu uku a fili, inda iska ke kaɗawa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafin itacen yake kai wa tukunya. Sauran yana bin iska ko ya shige ƙasa. Murhu ingantacce mai lafiya yana iya kai kashi 25 zuwa 30. Dabarar da ke kawo wannan bambanci ba ta wuce abu uku ba. Na farko bango, wanda ke tsare wuta daga iska ya tara zafi wuri guda. Na biyu ƙofar itace da hudojin iska, waɗanda ke shigar da iska daidai bukata. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ratar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu. Ana barin wannan rata ta yi kamar faɗin ƙaramin yatsa, wajen santimita ɗaya, domin a tilasta wa zafi ya bi jikin tukunya yana gugarta kafin ya fice. In ratar ta yi faɗi, zafin ya bi ta tsakiya ya wuce bai taɓa tukunyar sosai ba. In ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo ta ƙofa. Shi ya sa aka ƙera Mai Sauƙi lamba lamba, daidai da lambar tukunyar da za a ɗora masa. Wanda ya ɗora tukunya lamba biyu a kan murhun lamba huɗu ya riga ya zubar da amfani mai yawa tun kafin ya kunna ashana.

Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin dabarun uku wurare ne da aka bari a buɗe da gangan: hudoji da rata. Wurin da aka bari a buɗe kuwa, girkin kowace rana yana ƙoƙarin cike shi ko faɗaɗa shi. Wannan ne asalin matsalar.

Toka, kunkunniya da tsaga

Toka ita ce ta farko. Kowane makamashi yana barin toka, amma ba daidai ba: itace mai tauri kaɗan yake bari, karan gero da na dawa sun fi shi, kashin shanu ya fi su duka, musamman in an tsinto shi da ƙasa a jikinsa. A murhun da ke da ragar ƙarfe ko faranti mai hudoji a ƙarƙashin wuta, toka tana cike hudojin cikin kwana ɗaya ko biyu, iskar da ya kamata ta shigo ta ƙasa ta tsaya. Daga nan mai girki za ta ga wuta na lumshewa, sai ta ƙara itace, ta kama fifita da mafici. Ƙarin itacen ya ƙara toshe ƙofa, hayaƙi ya ƙaru. Ita a ganinta murhun ne ya fara ci da yawa, alhali iska yake nema. A murhun laka marar raga, ɗan siririn shimfiɗin toka a ƙasa yana da amfani, don yana hana zafin garwashi shigewa ƙasa. Tarin toka ne ke ɓarna, domin yana ɗaga wuta ta matso gindin tukunya, harshenta ya rasa filin da zai gama ci. Toka tana da wata illa ga murhun ƙarfe: tana tsotsar danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfen tare da gishirin da ke cikinta. Murhun da ya kwana da toka a damina, tsatsa ce ke cin gindinsa tun kafin wuta ta gajiyar da shi.

Kunkunniya ita ce ta biyu. Baƙin da ke taruwa a gindin tukunya da bangon murhu ba ya barin zafi ya ratsa da sauri. Ɗan baƙi kaɗan ba ya cutarwa, amma idan ya yi kauri har yana ɓamɓarowa, ya zama shamaki tsakanin wuta da abinci, ya kuma rage faɗin ratar nan da aka auna. A murhun da ke da bututun hayaƙi lamarin ya fi haka haɗari. Ɗanyen itace yana barin wani baƙin danƙo a cikin bututu, ya rage jan iska, kuma danƙon kansa yana iya kamawa da wuta. Ledar da wasu ke kunna wuta da ita ta ƙara dagula al'amari: hayaƙinta guba ne, narkakkenta kuma yana liƙe hudoji ya daskare.

Ta uku tsaga ce da lanƙwasa. Tuwon gero ba a tuƙa shi da lallashi. Duk juyin muciya yana tura tukunya ta bugi bakin murhu, kuma zafi da sanyi na kowace rana suna sa laka ta buɗe ta rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana, a nan kuwa iska mai sanyi ce ke shiga ta tsagar, zafi ya fita ta cikinta. Bakin murhun laka yana zaizayewa a hankali har ratar yatsa ɗaya ta koma ta yatsu uku. Na ƙarfe kuma, madogaran tukunya suna lanƙwashewa, tukunya ta zauna a karkace, gefe guda ya matse, ɗayan ya yi faɗi. Watsa ruwa a kan murhu mai zafi don kashe wuta yana gaggauta duka biyun: laka ta fashe, ƙarfe ya murɗe ya yi tsatsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke faruwa dare ɗaya, shi ya sa ba a lura da su har sai an wayi gari dami ɗaya ba ya kai kwanakin da ya saba kaiwa.

Abin da aka gani a Indiya da Senegal

Wannan bayani ba hasashe ba ne. A jihar Odisha ta ƙasar Indiya, masana tattalin arziki uku, Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone, sun bi diddigin gidaje sama da 2,000 na tsawon shekaru huɗu, bayan wata ƙungiya mai suna Gram Vikas ta gina musu murhun laka mai bututun hayaƙi. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. A shekarun da suka biyo baya ragin ya ɓace, ba a kuma ga wani sauyi a lafiyar mutanen ko yawan itacen da suke ƙonawa ba. Dalilin da masanan suka gano shi ne, gidajen ba su riƙa share bututu da gyara tsaga yadda ake bukata ba, murhunan suka lalace, aka koma ga na da. An buga sakamakon a 2016, ya kuma girgiza masu raba murhu a duniya, domin irin wannan murhu yana nuna kyakkyawan sakamako a ɗakin gwaji.

A karkarar Senegal kuwa, wasu masanan, Gunther Bensch da Jörg Peters, sun gwada murhun Jambar, wanda ake ƙerawa da ƙarfe a sa masa cikin yumɓu. Murhu ne mai sauƙin ɗauka, bai da bututu, kulawarsa kaɗan ce, kuma ya dace da tukwane da abincin mutanen. Bayan shekara guda kusan duk gidajen suna girki da shi, itacen da suke ƙonawa a girki ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Idan aka haɗa labaran biyu, darasin a fili yake. Amfanin murhu yana daɗewa ne gwargwadon yadda kulawar da yake bukata ta yi daidai da ƙarfin gidan da ke amfani da shi. Ko dai a ƙera shi ya bukaci kaɗan, ko a tabbatar akwai mai yi masa abin da yake bukata.

Murhu mai fanka da curarren makamashi

Wannan darasi zai ƙara nauyi nan gaba, domin akwai wani nau'in murhu da ake ta maganarsa a Afirka, mai amfani da curarren makamashi. Ana niƙa garin katako ko ragowar amfanin gona, a matse shi da inji ya fito ƙanana ƙanana, kaurin kowane milimita 6 zuwa 8, a bushe sosai. Murhun ɗumama ɗaki mai cin irin wannan makamashi ya fara yaɗuwa a Amurka a shekarun 1980, yau kuma Italiya na cikin ƙasashen da suka fi amfani da shi. Yana da mazubi a sama, da wani murɗaɗɗen ƙarfe da lantarki ke juyawa yana zubo makamashin kaɗan kaɗan cikin ɗan kasko mai hudoji, fanka kuma tana hura iska. Na girki ya fi sauƙi: a cika kaskon, a kunna daga sama, ƙaramar fanka mai batir da ake caji da hasken rana ta riƙa tura iska. Idan komai na daidai, wutarsa tana ci kusan ba hayaƙi. Kamfanin Inyenyeri ya raba irinsa a Ruwanda, yana sayar wa gidaje makamashin yana kuma gyara musu murhun, kafin ya rufe a 2020 saboda ƙarancin jari. A Zambiya ana sayar da shi da sunan SupaMoto.

Mai murhun ɗumama ɗakin nan a Turai ya san ƙa'idarsa tun ranar saye. Yana kankare kaskon wuta kullum ko bayan kwana biyu, ya huda hudojin da suka toshe. Yana zubar da tokar da ta taru a aljihun ƙasa duk mako, ya goge gilashin ƙofa da hanyoyin da zafi ke bi. Sau ɗaya a shekara yana kiran gwani ya share bututu da fanka, ya duba igiyar da ke liƙe bakin ƙofa. Duk wannan kuwa da makamashi mafi tsabta yake yi, domin ma'aunin da Turai ta gindaya wa na sahun farko shi ne danshi kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, toka kada ta wuce kashi 0.7. Wato buhu mai kilo 15 ba zai bar tokar da ta wuce giram 105 ba.

To, a Adar ba garin katako muke da shi ba. Abin da za a iya curawa shi ne kara, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa. Kara yana barin toka wajen kashi 5 cikin ɗari ko fiye, wato buhu ɗaya ya bar giram 750. Buntun shinkafa yana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kilo 3 ke nan daga buhu guda. Bayan yawa, tokar kara tana narkewa da wuri saboda sinadarin fotash da ke cikinta, ta dunƙule ta zama kashin maƙera a gindin kasko, ta rufe hudoji. A ƙara da ƙurar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ke shiga fanka tana lulluɓe farantin hasken rana, da danshin damina wanda ke sa curarren makamashi ya kumbura ya koma gari. Murhun da ya fi tsabtar wuta shi ne ya fi kowanne rashin haƙuri da sakaci. Garin da bai saba kwashe tokar Mai Sauƙi da yaɓe tsagar Albarka ba, mai fanka ba zai yi masa shekara ba.

Aikin yini, na mako, na shekara

Kulawar da ake magana a kai ba ta da yawa idan aka raba ta. Aikin yini ana yin sa ne da safe kafin a hura wuta, lokacin da murhu ya huce: a kwashe toka, a soka tsinke ko ƙusa a hudojin da suka toshe, a karkaɗe ragar. A zuba tokar a tsohon kwanon ƙarfe mai murfi, nesa da zana da rumbu da tarin kara, domin rushi yana iya riƙe wuta fiye da yini guda, iskar hunturu kuma ba ta da wuyar tayar da shi. Bayan girki, a janye bakin wuta a turbuɗe shi a yashi don amfanin gobe, a bar murhu ya huce da kansa. Tokar itace da ta kara mai tsabta tana da amfani a takin gona da garka. Wadda aka ƙona leda ko fentin katako a cikinta, da tokar gawayin ƙasa irin wanda ake haƙowa a Anu Araren ta jihar Agadas, kada a yi ruwan toka da su, kada kuma a kai su garka.

Aikin mako shi ne dubawa. A kankare baƙin da ya yi kauri a gindin tukunya da cikin bango. A ɗora tukunya ba wuta, a zagaya da yatsa a ji ko ratar tana daidai ta kowane gefe. In an ga tsaga a murhun laka, a jiƙa bakinta da ruwa tukuna, sannan a cusa kwaɓaɓɓiyar lakar da aka haɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu aka bari ta tsima, a shafe, a bar ta ta bushe a inuwa kafin a sa wuta. Busasshiyar tsaga ba ta kama sabuwar laka, kuma lakar da aka gasa tana ɗanya fashewa take yi. Mai bututu ya bubbuga shi a hankali, ya zura sanda mai tsumma. Mai fanka ya goge farantin hasken rana, ya share bakin fanka da busasshen buroshi, kada ruwa ya kusanci wajen batir.

Aikin shekara lokacinsa sananne ne ga kowane Ba'adare. Babu maigidan da ke jiran ruwan farko ya faɗi kafin ya yaɓe ɗakin ƙasa da rumbu, domin ya san ƙaramar tsagar da aka ƙyale a bazara ita ce ke kayar da bango a Agusta. Murhu ma ginin ƙasa ne ko ƙirar ƙarfe da ke fuskantar damina ɗaya da ɗakin, kuma a makon da ake kwaɓa ƙasar yaɓe ya kamata a ɗebi kaɗan a sabunta bakin murhu, a maido da ratarsa, a yi masa rumfa ko murfi. Na ƙarfe a kai shi wurin maƙeri ranar kasuwa ya miƙe madogarai, ya sauya raga ko gindin da ya ɓule, a kuma riƙa ɗora shi a kan duwatsu ko bulo maimakon jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Masu ja da wannan magana

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo ita ce ta lokaci. Matar da ke tashi da asuba ta yi daka, ta je rijiya, ta yi girki, ta kula da yara da dabbobi, a kuma ɗora mata wani aikin? Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san gidan karkara ba. Amma a auna: kwashe toka da huda hudoji aikin 'yan mintoci ne, neman itacen da toshewar ke cinyewa kuwa aikin sa'o'i ne a daji ko kuɗi a kasuwa. Sannan babu dalilin da zai sa duk nauyin ya faɗa kan mai girki. Kwaɓa laka da zuwa maƙera dama aikin maza da samari ne a al'ada. Inda maigida ya tafi ci-rani, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Nijar tun 1991, suna da tsarin asusu da taron mako da zai iya ɗaukar kuɗin sauya raga ko ladan mai gyara.

Wasu za su ce wannan ɗora laifi ne a kan talaka don a wanke masu raba murhun da bai da inganci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai murhun da aka ƙera da ƙarfe marar kauri, akwai wanda bai dace da tukunyar tuwo ba, kuma irin waɗannan ko an kula da su ba za su daɗe ba. Hasali ma hujjar wannan babi ta fi kama masu rabawa. Duk shirin da ya ƙirga nasararsa da yawan murhun da ya raba, bai koyar da maƙerin gari da maginiyar unguwa gyara ba, bai kuma dawo bayan damina biyu ya duba ba, rabin aiki ya yi.

Akwai masu cewa a bar wahalar nan a koma gas, tunda matatar SORAZ ta Damagaram tana fitar da shi tun 2011. Inda gas ya samu kuma aljihu ya iya, ya fi kowane murhun itace tsabta, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ƙauyen da ke nesa da wurin cika kwalba zai daɗe yana girki da itace da kara. Gas ɗin ma yana da tasa kulawar: hudojin kansa suna toshewa da miya, wuta ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, tiyo yana tsagewa, sai an shafa ruwan sabulu a mahaɗa an ga ko zai yi kumfa.

Na ƙarshe su ne masu cewa hayaƙi ba baƙo ba ne, da shi aka raini kakanni, har ma yana korar sauro da gara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, yaran kuwa yawanci ta hanyar ciwon huhu. Jaririn da ke goye a bayan mai girki yana shaƙar abin da take shaƙa. Wutar da ta rasa iska kuma tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kamawa fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa cikin sanyin Janairu yake kisa. Sauro yana da gidan sauro, huhun yaro kuwa ba shi da madadi.

Saura makamashin kansa

Duk abin da aka faɗa a nan ya tsaya ne a kan murhu, amma murhu rabin lissafi ne. Ɗanyen itace yana iya ɗauke da ruwa kusan rabin nauyinsa, kuma ko murhun da aka fi kula da shi ba zai hana shi hayaƙi da tara kunkunniya ba. Babi na gaba zai ɗauki wannan ɓangare: yadda ake faskare itace a shanya shi a adana kafin damina, bambancin wutar sabara da ta kalgo da ta dogon yaro, da kuma tambayar da ke raba kan manoma da makiyaya da masu girki a Adar duk bayan girbi, wato nawa ne daga cikin karan gona ya kamata ya shiga murhu, nawa ya tafi ga dabba, nawa kuma a bar wa ƙasa ta rufe jikinta daga iska.